Maganar Hamman Tana Cikin Wayarka

Mubi,
Jihar Adamawa.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sauke ka Abuja lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a can. Innarka tana gaishe ka. Da hannunta ta ɗaure maka kaya, amma ta ce dole in rubuta gaisuwarta a ciki, to ga shi na rubuta. Na sa ƙanwarka Zainabu ta cusa takardar a aljihun jakarka na gefe, ta kuma gaya maka kada ka buɗe sai mota ta wuce Hong. Dalili kuwa, ni da kai in muka zauna magana ba ma kai ta ƙarshe. Kai kana ganin tsoho mai kaset, ni ina ganin yaro mai latse-latse, sai Innarka ta kawo tuwo kowa ya kama gabansa.

Ba labari zan ba ka ba, don duk abin da ya faru a garin nan kana riga ni ji. Magana biyu ka bar min, kuma a ganina guda ɗaya ce. Ta farko ita ce tambayar da ka yi min ranar da soja ya tsayar da kai a shingen Mararraba. Ka ce masa kai ɗan jarida ne, ya ce ina kati, ka nuna masa shafinka a waya, ya yi dariya ya ce ka koma layi. Ka dawo gida rai a ɓace ka ce, "Baba, mu masu bulog 'yan jarida ne ko ba 'yan jarida ba ne?" Na ce zan yi tunani. Ta biyu ita ce bidiyon Hamman na Duvu da ka nuna min shekaranjiya, wanda kake shirin kai wa mutanen jaridar intanet ɗin da suka kira ka, don su ga irin aikinka su ɗauke ka.

Bari in maimaita abin da na gani, kada ka ce ban gane ba. Hamman yana zaune a gindin mangwaron ƙofar gidansa yana gurzar masara a daro, kai kana taya shi. Ka jingina wayarka da dutse tana ɗauka. Yana ba ka labarin kakar da mutanen nan masu tayar da ƙayar baya suka ci Mubi, yadda kowa ya gudu shi ya zauna saboda tsohuwarsa ba ta iya taka ƙasa. Suka tarar da injin niƙansa, suka sa shi yana niƙa musu masara da dawa har ranar da aka kore su, ɗayansu kullum yana zaune a bakin ƙofa da bindiga a cinya. Ya ce maka bai taɓa gaya wa kowa ba. Ko sau ɗaya bai dubi wayar ba, don a wurinsa waya a kusa da yaron zamani ba abin kallo ba ce. Na tambaye ka ko ya san kana ɗauka, ka ce, "Baba, ai zan rufe fuskarsa, in canza masa suna." Wannan ba amsar tambayata ba ce, kai ma ka sani.

Ka san halin da ake ciki. Har yanzu ana zuwa a ɗauke mutum don wani ya ce ya gan shi yana sayar musu da burodi. Wasu su dawo, wasu iyalansu suna nan suna jira. A Duvu ɗin kanta akwai gidajen da aka kashe musu 'ya'ya, kuma ba za su tsaya tambayar ko da son ransa ya kunna injin ba. Abin da ke cikin wayarka ke nan. Ni ba zan iya ƙwace ta ba, ka fi ni ƙarfi, kuma ko na ƙwace ban san inda ake latsawa ba. Abin da nake da shi kawai shi ne ɓarnar da na yi a shekarun da nake aika wa gidan rediyo rahoto daga garin nan. Zan zayyana maka, ka ɗauki abin da zai yi maka amfani.

Na fara aikin ne shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan. Kakanka ya so in zauna a shagon yadin da ubansa ya kafa tun zuwansu daga Katsina, ni kuwa na ga rikoda, idona ya rufe. Gidan rediyon da ke Yola ya ba ni kati mai hotona, na rataya shi a wuya har masallaci. Yadda muke aiki a lokacin zai ba ka dariya. In ɗauki rahoto a kaset, in naɗe shi a takarda, in kai tasha in ba direban da zai tashi zuwa Yola. Shi kuma in ya ga dama ya kai a ranar, in motarsa ta lalace a Song sai gobe. A can akwai edita, Malam Dauda, mutum marar dariya, shi zai saurara kafin a sa a iska.

Wata damina aka kwana ana ruwa. Da safe na shiga tasha na tarar ana cewa mayo, wato rafi, ya cinye wata 'yar gada a hanyar Vimtim. Direba uku suka tabbatar min, ɗaya har da rantsuwa. Na koma gefe na gyara murya, na ɗauki rahoto mai daɗi, har da kira ga gwamnati ta kawo ɗauki. Washegari direban da na ba kaset ɗin ya dawo min da shi. Ya ce, "Mutumin naka ya ce in tambaye ka, wai ka je ka gani da idonka?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mutum yana zaune a ƙarƙashin fanka a Yola zai koya min Mubi? Don in ƙure shi na hau babur na tafi. Na tarar da gada tana nan daram, mata suna tsallakawa da kwandunan ɗanyar masara. Ruwa ya hau kanta ne da asuba ya sauka. Da na bi diddigi sai na gano direbobin nan uku duk a bakin mai shayi ɗaya suka ji.

Kai ba ka da Malam Dauda, ba ka da direban da zai kwana a Song da labarinka. Tsakanin kunnenka da kunnen duniya babban yatsanka ne kawai. Saboda haka ka nemo wa kanka mutum guda wanda ba ya jin kunyarka, ka riƙa nuna masa abu kafin ka saki, ko da kuwa zai ɓata maka rai. In ba ka samu ba, ka ajiye wayar ka je ka yi alwala ka dawo ka sake karantawa. Kuma in mutane da yawa sun faɗa maka abu, tambaye su ɗaya bayan ɗaya a ina suka ji.

Wannan ƙaramin kuskure ne, kuma an tare shi kafin ya fita. Wanda ke biye ba wanda ya tare shi, don a lokacin wayar hannu ta shigo, mun daina kaset, ana kira na kai tsaye in yi magana a iska. Mun yi murna sosai da wannan sauri.

Mota ta kife a hanyar Mararraba da hantsi, wani matashi malamin makaranta ɗan Vimtim ya rasu. Na je asibiti da kaina, na ga gawar, na ga katinsa, na tambayi abokin aikinsa ya tabbatar. Babu kuskuren harafi ɗaya a rahoton nan. A labaran rana na faɗi sunansa, da sunan ubansa, da unguwarsu. Na manta abin da ko yaron goye ya sani a ƙasar nan, cewa ba a jefa wa uwa mutuwar ɗanta. Manya ake tashi su je, su zauna, a kawo musu ruwa su sha, su tambayi gona. Sannan su ce jikin wane ya yi tsanani, kafin nan an tara mata sun kewaye ta, sai a faɗa. Musulminmu da Kiristanmu duk haka muke yi. Dattawan cocinsu sun riga sun kama hanya. Uwar, Mama Saratu, tana gonar gyaɗa ita kaɗai, ta rataya rediyo a reshe. A nan ta ji muryata. Sai da yamma aka same ta a kwance tsakanin kunyoyin gyaɗa, fartanyar tana hannunta. Ta rayu, amma ɓarin jikinta bai sake motsi ba.

Na je gaisuwa. Ba wanda ya zage ni, har tabarma aka ba ni. Da zan tafi yayanta ya rako ni bakin hanya ya ce, "Malam, kai ne mai murya ɗin? Magana naka gaskiya ne, ba ƙarya a ciki. Amma mu muna kan hanya fa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya juya.

Na ga ku ma kuna wannan tseren, kowa yana so ya riga kowa, har da hoton gawa. Ka sani abu yana iya zama gaskiya tsantsa ya kuma kayar da mutum a gona. Kafin ka saki labari ka tambayi kanka wa zai fara gani, yana ina, kuma da wa a kusa da shi. In sauran masu shafi sun riga ka, su riga ka. Washegari ba wanda yake tuna wanda ya fara faɗa, na daɗe a aikin nan ban ga an tuna ba.

Yanzu ga wanda ya fi kama da naka, kuma saboda shi na ɗauki biro. Akwai wani ɗan dako a Lamorde, sunansa Yusufu. Wata shekara takin zamanin da aka kawo don manoma ya riƙa ɓacewa daga wani sito, ana lodinsa ana tsallaka iyaka da shi. Yusufu yana cikin masu lodin, abin ya dame shi don shi ma ɗan manomi ne. Ya neme ni da kansa. Ya ce, "Zan faɗa maka, amma kar ka sa sunana." Na ce ya kwantar da hankalinsa, wannan ƙa'idar aikinmu ce. Na je gidansa na ɗauki muryarsa, na kuma cika alkawari yadda aka koya mana. Na ce, "wani mutum da ya nemi a sakaya sunansa." Malam Dauda ya saurara ya ce aiki ya yi kyau.

A Yola, wani mutum suka ji. A Mubi kuwa Yusufu aka ji. Yana da wani busasshen tari da yake yi kafin kowace magana, duk tasha an san shi da shi. Kuma gidansa bango ɗaya ne da maƙera, ƙarar guduma tana tashi a bayan muryarsa tun farko har ƙarshe. Ni kunnena yana kan maganarsa, ban ji gudumar ba. Malam Dauda ya ji, amma shi ba ɗan garin nan ba ne, guduma ce kawai a wurinsa. Kafin la'asar masu siton sun san ko wane ne. Aka tare shi a lungu aka karya masa hannu. Da ya warke ba mai ba shi kaya, ko buhun gawayi. Ya kwashe iyalinsa ya tafi Garwa, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ni kuwa a wannan watan aka yaba min a gaban ma'aikata.

To dubi bidiyonka da kunnen ɗan Mubi. Ka rufe fuska, mangwaron yana nan. Dutsen nan mai tsagaggen kai da ke bayan Duvu yana nan a kafaɗarsa. Muryarsa tana nan, kuma ka san mu, mutum ya buɗe baki da Hausa mun san ƙauyensu kafin ya kai ƙarshen gaisuwa. A ce ma ka goge duk wannan, ka rubuta labarin da hannu. Mutum nawa ne a Duvu suke da injin niƙa, suke da tsohuwa gurguwa, kuma ba su gudu ba? Labarin kansa shi ne sunan. Rufe fuskar da za ka yi, mutanen Abuja za ka rufe wa, su kuwa da ma ba su san shi ba. Waɗanda za su iya cutar da shi ba sa bukatar ganin fuska.

Kuma akwai bambanci guda tsakanin ɓarnata da wadda kake shirin yi. Yusufu ya san da wa yake magana. Ya ga rikoda, ya ga kati, ya auna ya zaɓa. Duk da haka abin yana cina har yau, in na ji guduma a maƙera sai ya faɗo min. Hamman bai zaɓi komai ba.

Kada ka ɗauka duk wannan hanya ce ta cewa aikinku wasa ne. Na taɓa faɗin haka, kuma shi ma yana cikin kurakuraina. Ranar da aka shigo garin nan, kafin mu fita, na cire katin nan da na yi shekaru ina taƙama da shi na jefa a masai. Rikodar kuma na tura ta ƙarƙashin buhunan dusa. Kowa ya san abin da za su yi wa wanda suka samu da irin wannan kati, kuma ban ji kunyar jefawar ba, ko yau haka zan yi. Muka bi ta Duvu da ƙafa, Hamman ɗin nan ya ba mu ruwa, ya nuna mana hanyar da ke hawa duwatsu zuwa iyakar Kamaru, ya koma wurin tsohuwarsa. A kan dutsen kai kana ta hawa sama kana neman sabis, kana bin mutane kana tambayar sunansu da unguwarsu, kana sawa a shafinka cewa wane yana raye, an ga wance, ga yara biyu ba a san iyayensu ba. Na daka maka tsawa a gaban mutane. Na ce ka kashe abin banzan nan, ana ta rai kana wasan yara. Ka dai koma bayan wani dutse ka ci gaba.

Daga baya a Yola, a gidan da aka sauke mu, wata mata ta zo tana tambayar wane ne Kabiru mai shafi. Yaran nan biyu nata ne. Ta durƙusa a gabanka tana kuka, kai kana ta ja da baya don kunya. Ina zaune a gefe ina kallo, kuma ban taɓa ce maka komai a kai ba sai yau. A kwanakin nan duk Mubi ban san wani mai kati da ya yi abin da ka yi ba, har da ni. Na yi alfahari da kai ranar, kuma na yi kuskure da na yi maka tsawa. Saboda haka kada ka bari wani ya raina ka don ba ka da kati, ko soja ne, ko tsoho irina. In sun ce aikinku ba aiki ba ne, ba sai ka yi musu gardama ba, ci gaba da abin da kake yi.

Ga amsar tambayarka, yadda na iya. Wasu masu bulog 'yan jarida ne, wasu 'yan gulma ne da suka samu waya. Masu kati ma haka muke, na zauna da wasu da ba su taɓa zuwa inda abu ya faru ba, sai dai inda ake raba abinci. Kati yana buɗe maka shinge, yana sa a ba ka kujera a gaba, iyakarsa ke nan. Na riƙe shi ranar Mama Saratu, na riƙe shi ranar Yusufu, bai hana komai ba. Ni a wurina sunan yana kan wanda ya yarda ya ɗauki nauyin da ke tare da shi, ko a rediyo yake ko a waya. Ya je ya gani da idonsa, in ya yi kuskure ya fito ya ce ya yi, ya kuma tsare wanda ya ba shi magana. Kuma tun kafin duk wannan, mutum ya san da wa yake magana kafin ya buɗe baki. Na lura ku kuna son sunan ne a bakin shinge, amma in an zo wajen nauyin sai ku ce ai shafina ne, ra'ayina ne, ni ba ma'aikacin kowa ba ne. Ba a yin haka, zaɓi ɗaya za ka yi.

Hamman ba da ɗan jarida ya yi magana ba. Da ɗan Malam Isa ya yi, yaron da ya koya wa hawan keke a bayan gidansa, wanda in an kawo mana masarar kaka yake ware masa mai laushi ta gashi. Hannunku yana cikin daro ɗaya. A ƙasar nan abin da aka faɗa maka hannu yana cikin daro ɗaya, ko a zaman makoki, ko a kan tabarmar cin abinci, ba sai an ce maka amana ce ba. Wannan ita ce wahalar da ku kuke da ita da mu ba mu da ita. Ni rikodata ta kai girman bulo, ana hango ni daga nesa a ce ga ɗan rediyo nan, kowa ya gyara bakinsa. Kai kayan aikinka yana aljihu, da shi kake gaida Innarka, da shi kake ɗaukar mutane. Tunda ba a gani, dole ka faɗa da bakinka. Ba za ka shiga gida a matsayin ɗa ba, sannan ka fito a matsayin ɗan jarida da abin da aka ba ɗan.

Na san abin da za ka ce, don ka fara faɗa shekaranjiya kafin in tashi. Za ka ce labarin yana da muhimmanci, akwai mutane da yawa irin Hamman da aka tilasta wa, ana yi musu kallon maciya amana, kuma in ba a faɗa ba ba za a daina ba. Gaskiyarka ne, ban musa ba. Labari ne da ya kamata a ji, kuma ina fata kai za ka ba da shi wata rana. Amma hanyarsa ita ce ka dawo, ka yi sallama, ka ce yau aiki ya kawo ni, ga abin da zan yi da maganarka, ga inda za ta je, ga abin da zai iya biyo baya. Ka bi ƙauyuka da yawa, ka ji bakin mutane da yawa, yadda ba za a iya nuna gida ɗaya da yatsa ba. Wanda ya ce a'a ka gode masa ka tashi. Zai ɗauki lokaci, mai yiwuwa sai ƙura ta lafa sosai. Abin da ba ka da iko a kai shi ne ka yanke wa Hamman cewa ya dace ya sa wuyansa don amfanin jama'a. Wuyan nasa ne, kuma shi zai kwana a Duvu bayan ka saki, kai kana Abuja.

Kada kuma ka ce za ka nuna wa mutanen jaridar ne kawai a ofis ba za a buga ba. Abin da ya shiga wayar mutum na biyu ya fita hannunka. Su ba su san Duvu ba, za su ga aiki mai kyau kamar yadda Malam Dauda ya gani, kuma ba za ka iya ce wa wanda kake neman aiki a wurinsa a'a ba a ranar farko. Ka nuna musu abin da ka yi a kan dutse, da rahotanninka na komawar mutane gari, da na kasuwar shanu da ta sake ci. In waɗannan ba su ishe su ba, mai yiwuwa ka rasa aikin. Na san yadda kake son sa, na san watannin da ka yi kana jira, ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. In hakan ta faru ka dawo gida, ba wanda zai yi maka dariya, shagon yadi yana nan kuma shafinka ba wanda ya ƙwace maka.

Ina jin tsoro, Kabiru, gara in faɗa maka kai tsaye. Ina tsoron abin da zai sami Hamman, ina kuma tsoron ka kai shekaruna kana ɗauke da irin abin da nake ɗauke da shi. Ni an yi min uzuri da yawa, an ce zamani ne, an ce ban sani ba. Kai ba za ka samu wannan uzurin ba, tunda ga shi na gaya maka.

Saura abu ɗaya. Yau da safe, lokacin da ka tafi tasha kama kujera, Hamman ya zo. A keke ya taso tun daga Duvu don ya ji za ka yi tafiya. Ya jira ka har rana ta fara zafi, sannan ya ce zai koma saboda tsohuwa. Kwalbar zumar da za ka gani naɗe a cikin rigunanka shi ya kawo, ya ce ka riƙa lasa da safe saboda sanyin can. Na raka shi ƙofar gida. Ya riga ya ɗora ƙafa a feda sai ya sauke, ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce, "Malam Isa, akwai wani magana da na gaya wa yaron nan. Shi kaɗai na gaya wa, matana ma bai sani ba. Ka ce masa na gode. Tun ranar da na faɗa masa nake samun barci."

Na ce zan gaya maka, ga shi na gaya maka. Ban ce masa komai game da wayar ba, don ba ni na jingina ta ba. Kana da lambar ɗansa. Tsakanin Gombi da Song akwai sabis mai kyau, in ka ga dama ka kira a ba shi, ka faɗa masa abin da ka yi, ka ji abin da zai ce. In ba za ka iya ba, ka san inda ake latsawa a goge.

Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka kira Innarka in kun sauka. Allah ya kai ka lafiya, ya buɗa maka ƙofar alheri, ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka daga sharrin mutane, ya kuma tsare mutane daga sharrinka. Amin.

Mahaifinka,
Isa.